Uku a Takardar Albashi

Laraba, 28 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Albashi ya shigo. Malam Gado, mai lissafin furojenmu, ya bi ofis-ofis yana raba takardun albashi, yana lasar yatsa kafin ya zare kowace. Da ya zo teburina bai yi mini tsiyar da ya saba ba, wai sakatariya ta fi darakta cin kuɗi. Ajiyewa ya yi ya wuce.

Shekara shida ina aiki a furojen lambunan fadama a nan Madawa, ban taɓa karanta takardar nan ba. Layin ƙarshe nake dubawa, in naɗe ta in jefa a jaka. Yau na karanta ta tun daga sama, don ba ni da abin yi da idona. Akwai wani ɗan gida a gefen dama, an rubuta 3 a ciki.

Wannan kaye da nake rubutu a ciki yana cikin guda goma da na saya wa babbar ƴata a watan Agusta saboda komawa lakwal, wato makaranta, za ta shiga turwaziyem, ajin ƙarshe na koleji. Tara suna cikin leda. Wurin suna a bangonsa babu komai.

Alhamis, 29 ga Satumba, da yamma

Na sake auna shinkafar mutum biyar. Mu uku ne a gidan.

Juma'a, 30 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kai wa Malam Gado takardar na ce ya karanta mini ita layi-layi. Ya ji daɗi, abin mamaki. Ya ce shekara ashirin da takwas yana wannan aiki, ba a taɓa zuwa wurinsa ba sai da faɗa. Ya ɗora bakin biro a layin farko.

"Wanga na bisa shi na albashinki duka, ba wanda ya taɓa shi. Na ƙasa gare shi kuɗɗin kes na, na ranar tsuhwa. Wanga kuwa lanho na, haƙƙin gwamnati. Mu ka cire shi mu kai, tun ba ki ga kuɗɗin da idonki ba."

Ashe shekara shida ina biyan haraji duk wata ban sani ba. Ni a zatona haraji na masu shago ne da masu shanu. Na tambaye shi ukun da ke gefe. Ya ce sharji ke nan, wato mutanen da ke wuyana, kuma gwargwadon yawansu ake rage wa ma'aikaci haraji. Maigidana ba ɗan albashi ba ne, albasa yake kaiwa Abijan, shi ya sa yaran suke kan takardata. Malam Gado ya fara ƙirga mini su da yatsa, ya ce auta, ya ce Lantana, sai yatsan na uku ya tsaya masa a sama.

Can ya ce ba gaggawa, Madam. Na ce to.

Litinin, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana arba'in. Na je Tama wurin Inna, mahaifiyata, an yi waina an raba. Ƙoramar da ta hana mota wucewa a ranar, yau ko takalmina ba ta jiƙa ba. Ɗan kabu-kabu bai ma rage gudu ba.

Maigidan bai zo ba. Tun kwana tara da yin abin ya bi motar albasa, har yanzu yana can.

Yau kuma aka koma lakwal. Da na dawo na haɗu da ƴan ajin babbar ƴata a bakin titi, sun gaishe ni a ladabce. Na amsa. Ban ji komai ba, sai ƙafata da ke ciwo.

Talata, 4 ga Oktoba, ƙarfe goma

Malam Gado ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce watan Satumba ya bar ukun yadda yake don bai san ta inda zai fara mini ba, amma ba zai iya ƙarawa ba. Ranar ashirin ga wata yake rufe lissafin albashi, ranar ashirin da huɗu mai bincike zai zo daga Yamai. Kuma da hannunsa ya rubuta hutun da aka ba ni a littafin hutu, har da dalilin. Duk wanda ya buɗe littafin ya buɗe takardar albashina zai ga ya sani ya yi shiru. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya.

Na tambaye shi nawa ne bambancin. Ya danna na'urarsa, ya goge, ya sake dannawa, kamar yana fatan ta canza magana. Dala tamanin da huɗu a wata.

Na yi dariya. Ita ce dariyata ta farko tun Agusta, kuma ba ta da daɗin ji. Shekara goma sha biyar, ciki da goyo da ƙyanda da kuɗin lakwal, a wurin gwamnati dala tamanin da huɗu ne. Ko faranti ɗaya na shinkafa a tasha sai an yi ciniki.

Na ce ya cire dala tamanin da huɗun, ya cire jikka ma in yana so, ya bar mini ukun a wurinsa. Ya ce ba haka abin yake tafiya ba, lambar ce ke haifar da kuɗin, ba a raba su. Abin da ake bukata biyu ne. Takardar rasuwa ta meri, ofishin magajin gari, wadda maigidan ya karɓo a Tama kafin ya tafi, tana cikin ambulan a saman kwaba ban buɗe ba. Sai kuma takardar neman gyara da zan rubuta da hannuna, haka dokar furojen take.

"Da cikakken suna, Madam, kamar yadda shi ke ga takardar haihuwa."

Na ce ya rubuta, ni in sa hannu. Ya ce hannuna suke so tun daga sama har ƙasa. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ya ce in yi.

Laraba, 5 ga Oktoba, da safe

Ƴar fari ce. Ban taɓa faɗar sunanta ba.

Ba wani ya hana ni da sanda ba, haka na tashi na gani. Inna ba ta faɗar sunan yayanmu, kakata ba ta faɗar na Inna. Ranar suna ina ɗaki na ji an raɗa, na sunkuyar da kai, ƙawayena suna tsokanata. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, sai da ta isa shiga koleji ta dawo wurina. Ina ce mata ƴar Inna. In tana kusa in ce ke. In ta yi nisa in aika Lantana ta kira yayarta. Ko wata yarinya mai irin sunan na gani, sai in ce mai sunan ƴar Inna. Da na fara aiki nan, takardun haihuwa kawai na miƙa, wanda ya karɓa ya kwafe.

Ni da na yi lakwal, nake buga wasiƙa da Faransanci, ina alfahari da wannan kunyar. Matan ofis suna cewa Cima ta boko ce amma ba ta zubar da al'ada ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Shinkafar mutum biyar.

Litinin, 10 ga Oktoba, lokacin cin abinci

Lalla, abokiyar aikina mai kula da ƙungiyoyin mata, ta kawo dambun zogale ta ce sai na ci a gabanta. Ƴar Tamaske ce, bakinta ba ya da linzami. Ta ji labarin takardar, a ofishin nan ko tari ka yi sai an ji.

"Ki bar ta nan, Cima. Gwamnati ta ci ta ƙoshi. Mijin gwaggona shekara huɗu ya yi da sunan mamaci ga takardatai, ba wanda ya tambaye shi."

Na ce shi mijin gwaggon nata ba Malam Gado ke masa lissafi ba. Ta ce Malam Gado ko allura ta ɓata a ofis sai ya rubuta rahoto.

Daga nan ta koma kan nata. An ce za a ƙara mata matsayi, ita kuma tana so ta ƙi, wai an gaya mata in albashi ya haura wani mataki haraji zai cinye ƙarin har ya taɓa na da. Malam Gado yana wucewa ya ji, ya dawo da baya kamar an taka masa ƙafa. Ya ce wa ya gaya mata wannan shirme. Ya ɗauki kwanonin abincinmu ya jera. Ya ce albashi kwano-kwano ake zuba shi, kwanon farko ɗan kaɗan ake ɗiba a ciki, na biyu a ɗan ƙara, haka har sama. In an ƙara mata kuɗi, abin da ya zuba a kwanon sama ne kawai ake ɗiba da yawa, na ƙasa ba a sake taɓa su. Ba yadda za a yi ƙari ya mayar da ita baya.

Lalla ta ce to me ya hana shi faɗa tun bara. Ya ce wa ya tambaye shi. Ta ce za ta karɓi matsayin, kuma ya mayar mata da kwanonta.

Na kalle su kamar ina kallon talabijin an kashe murya. Na ci loma uku.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na rubuta takardar. Kwanan wata, sunana, aikina, gaisuwar darakta, duk tsaf. Na zo inda sunan zai shiga, na bar fili tsawon yatsa, na ci gaba har ƙasa na sa hannu.

Ɗabi'ata ce duk wasiƙar da zan fitar sai na karanta ta a bayyane, haka nake kama kuskure. Lalla tana ce mini gidan rediyo. Wannan ban karanta ba. Na sa ta cikin kaye na taho da ita gida.

Alhamis, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Maigidan ya kira. Ya tambayi auta, ya tambayi ko ruwan ƙarshe ya shiga rudun da muke ajiye albasa. Na gaya masa maganar takardar. Ya ce in yi abin da suka ce. Na ce suna suke so. Ya ce ai yana cikin ambulan, in kwafa.

Minti shida muka yi. Ita, ita, ita, daga ni har shi. Ban ji haushinsa ba. Na so in ji.

Asabar, 15 ga Oktoba, da hantsi

Ina wanki, Lantana tana neman fensir a jakata, takardar ta faɗo. Shekararta tara, ta fara iya karatu, komai ta gani sai ta haɗa baƙaƙensa. Ta daɗe tana bi da yatsa. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, nan ba ki sa komi ba. Kin mance sunan Yaya? In hwaɗa miki?"

Ba tsokana take yi ba. Da gaske take tambaya, da tausayi ma, kamar yadda ake tuna wa tsohuwa inda ta ajiye carbi. Na ce ta mayar da takardar inda ta gan ta. Na ci gaba da cuɗa rigar da na riga na wanke.

Lahadi, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta wannan sau ɗaya.

Da muka samu muka haye ƙoramar da safe, muka isa gidan likita na Tama, idonta a rufe yake amma tana numfashi. Ma'aikaciyar da ke kanta, wata yarinya mai kirki, ta ce mini in matso in kira sunanta, tana ji. Na matso. Na kama hannunta, da zafi kamar murfin tukunya. Ɗakin cike da mutanen Tama, ƙannen Inna, surukaina. Na buɗe baki na ce ke. Na ce ke, buɗe ido. Na ce ƴar Inna.

Inna ce ta kira sunan. Sau uku.

Ba wanda ya ga laifina. Wata ma daga baya ta yaba, wai ko a wannan hali Cima ba ta saki kunya ba.

Litinin, 17 ga Oktoba

Malam Gado ya wuce teburina sau huɗu.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta zo Madawa karɓar maganin ƙafarta, ta biyo ta gida. Ta kawo kuɓewa busasshiya da ɗan wake. Ta rame. Ita ta raini ƴar tawa, amma ni ake yi wa gaisuwa.

Ban yi niyyar gaya mata maganar takardar ba, Lantana ce ta fesa. Na zaci za ta ce a nemi malamin lakwal ya cike filin, ko ta ce nasara da takardunsu ba su san mutunci ba. Tana ta gyaran waken a faifai, ba ta ɗago ba.

"Yayanku shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwatai. Har yau ban hwaɗi sunan ba. Bara ina daka, sai na neme shi cikin kaina na rasa. Na aje taɓarya na zamna. Sai da rana ta karkata ya dawo min."

Na ce Inna, to ya kika yi. Ta ce ba ta yi komai ba, ta tashi ta ƙarasa dakanta. Ta ce ita ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, ita ba ta san takarda ba. Sannan ta ce waken nan duk ƙwari ne, an cuce ta.

Na raka ta tasha. Na tsaya har motar Tama ta cika ta tashi.

Laraba, 19 ga Oktoba, da safe

Na sauko da ambulan daga saman kwaba. Ban buɗe ba. Ba na bukatar kwafa.

Alhamis, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu

Na sake rubuta takardar daga farko, don wadda na bar wa fili ta yi datti a jaka. Da na zo wurin sunan, na rubuta shi. Baƙaƙe bakwai ne. Na ɗauka za su fi haka wuya.

Na kai wa Malam Gado tare da ambulan. Ya miƙo hannu, sai na ga ban saki ba. Na ce bari in karanta, kada a samu kuskure. Ya ce ba sai na karanta ba, Madam. Na ce ban taɓa fitar da wasiƙa ban karanta ba.

Na karanta kwanan wata. Na karanta sunana da aikina da gaisuwar darakta. Na karanta cewa ina neman a rage mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke wuyana, sakamakon rasuwar ƴata.

"Mardiya Hamza."

Har da na ubanta, wanda shi ma ban taɓa faɗa ba, biyu a numfashi ɗaya. Rufin ofis bai faɗo ba. Muryata ce dai ta fito wata iri, kamar ta wadda ke kiran yaro daga ƙofar gida. Sai na sake faɗar na farkon, shi kaɗai, ba a cikin takarda ba.

A nan ne abin ya zo. Kwana hamsin da bakwai ban yi kuka ba, yau na yi shi a ofishin lissafi, a kan kujerar roba, gaban na'urar ƙirga kuɗi. Na ji zafi ƙwarai. Sunan yana da daɗi a baki, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Shekara goma sha biyar yana nan, kyauta, ban taɓa ba.

Malam Gado ya fita ya ja ƙofa, ya tsaya a waje yana korar masu zuwa, wai yana rufe lissafi. Da na fito ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya ce Allah shi jiƙan Mardiya. Na ce amin.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Na auna ta mutum huɗu. Lantana ta ce har yanzu ta yi yawa.

Juma'a, 28 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Albashi ya shigo. A ɗan gidan gefen dama an rubuta 2. Harajin ya hau da dala tamanin da huɗu, an kuma cire na Satumba da ya wuce, Malam Gado ba ya barin ko tamma. Mai binciken ya zo ya tafi bai samu abin faɗa ba. Da Malam Gado yake ajiye mini takardar ya ce sakatariya dai ta fi darakta cin kuɗi, a hankali ya faɗa, yana duban fuskata. Na ce ai gwamnati ta fi mu duka.

Na duba kowane layi har ƙasa. Daidai ne.

Kaye taran da ke cikin leda na ba Lantana. Wannan na riƙe. Na juya bangonsa, wurin da aka bari don suna, na rubuta na mai shi. Mardiya Hamza, ajin turwaziyem.